Me ya sa wannan ne kaɗai kyauta? Tarihin ɗigon shan inna da asibitin unguwarmu

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da masu son karantawa a tsanake. Yau tarihi za mu yi, kuma daga tsakar gidanmu zan fara, don a nan na fara jin tambayar da ta haifi wannan shiri.

A 2004 ina ɗan shekara bakwai. Muna zaune a babban gida a wani gari cikin jihar Kano, mu da iyalan baffannina biyu, kakarmu kuma ita ce mai faɗa a ji. Da bazarar shekarar ƙyanda ta shigo unguwa, ta kama ƙanwata. Aka kai ta ƙaramin asibitin garin. Aka ce a yanki kati, aka yanka. Aka rubuto takarda a je kyamis a sayo ledar ƙarin ruwa da allura, domin su ba su da komai. Kafin mahaifinmu ya haɗo kuɗin, jiki ya yi nisa. Kwana biyu ta ƙara, Allah Ya karɓi abarSa. Allah Ya sa mai ceto ce.

Bayan 'yan watanni sai ga wasu mata biyu sun yi sallama, ɗaya rataye da kular riga-kafi, ɗaya riƙe da alli da littafi. Sun zo ɗiga wa yara maganin shan inna. Kakarmu ta shimfiɗa musu tabarma, ta sa aka kawo ruwa, sannan ta ce: "Sannunku da aiki, 'yan nan. Amma ku gaya mini. Da jikata ta yi ƙyanda, da ƙafarmu muka je asibiti, aka ce mu sayi kati, mu sayi ruwa, mu sayi allura. Yau ga ku har ƙofar ɗakina, ba ko sisi. Me ya sa wannan ne kaɗai kyauta?" Babbar cikinsu ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Hajiya, mu ma aiko mu aka yi." Ranar ba a ɗiga wa yaro ko ɗaya ba a gidanmu. Suka yi rubutunsu da alli a bango suka wuce.

A shekarar da ta biyo, ɗan baffana mai shekara biyu ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, ya tashi ƙafarsa ta hagu ba ta ɗaukarsa. Yau yana gyaran waya a kasuwa, da sanda yake tafiya. Manya a gida cewa suka yi Inna ce ta sha ƙafar, wato aljanar nan da cutar ta samo sunanta daga gare ta. Sai da na girma na gane ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki daga ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, kuma ɗigon nan da aka kora daga ƙofarmu shi ne kariyarta.

To, ku fahimce ni da kyau. Hukuncin da kakata ta yanke kuskure ne, kuma mun biya da ƙafar yaro. Amma tambayarta tana nan daram, har ta rasu ba wanda ya amsa mata. Na daɗe ina bibiyar amsar, kuma abin da na gano shi ne: akwai mutanen da suka zauna a ofis, a shekaru daban-daban, suka yanke shawarar wane magani ne zai zo ƙofar gida kyauta, wane ne sai ka saya, a ina za a gina asibiti, wa zai riƙe kuɗinsa. Waɗannan shawarwarin su ne tarihin da za mu bi yau.

Mu koma zamanin Turawa. Asibitocin farko da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe, don ma'aikatanta da sojojinta ta buɗe su. Talakan ƙasa daga baya ya shigo lissafi. A Kudu, 'yan mishan ne suka cike wani ɓangare na giɓin. Asibitin Sacred Heart na Abeokuta tun 1895 yake aiki. A masarautun Arewa kuwa Turawa sun taƙaita shigar 'yan mishan saboda alƙawarin da suka yi wa sarakuna na barin addini yadda suka same shi. Wannan yana da hujjarsa. Matsalar ita ce gwamnatin ba ta zuba kuɗin da zai maye gurbin makarantu da asibitocin da mishan ke ginawa a can ba. Asibitin birnin Kano, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, sai a ƙarshen shekarun 1920 ya samu. Ku duba likitoci ma. Dakta Nathaniel King ya gama karatun likita a Birtaniya ya dawo aiki Legas tun shekarun 1870. Likitan farko ɗan Arewa, Dakta Barau Dikko na Wusasa, sai wajen 1940 ya fara aiki. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe a 1957, makarantar likitoci ta Jami'ar Ahmadu Bello kuma sai 1967. Wato tun ranar da aka sauke tutar Turawa a 1960, ba a layi ɗaya aka fara tseren ba.

Amma kada mu ɗora komai a kan Bature, don an taɓa samun lokacin da muka kama hanya. A Satumbar 1978 ƙasashe 134 suka taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince cewa hanyar samar da lafiya ga kowa ita ce kiwon lafiya a matakin farko: ƙaramin asibiti kusa da gida, ruwa mai tsafta, riga-kafi, awon ciki, da magungunan yau da kullum. A Najeriya wanda ya ɗauki wannan magana da gaske shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wan mawaƙin nan Fela, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992 a mulkin Janar Babangida. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi. A 1988 aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa. Zuwa 1990 alƙaluman gwamnati suka nuna riga-kafin yara ya kai wajen kashi 80 cikin 100. Ko da an ce alƙaluman sun ɗan yi zaƙi, ku tambayi iyayenku mata, da yawansu za su tuna katin awo da layin allurar jarirai na wancan lokacin.

To ina aka kwana? Abubuwa uku suka haɗu, kuma duk ukun shawarar hukuma ce.

Na farko, tsarin tsuke bakin aljihu, SAP, wanda gwamnatin Babangida ta fara a 1986. Aka karya darajar naira. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Zuwa 1993 sai ka ba da wajen naira 22 a farashin gwamnati kafin ka karɓi dala. Ƙasar da ke shigo da yawancin magungunanta da kayan haɗa su daga waje, kun san abin da wannan ke nufi. Magani ya yi tsada, albashin ma'aikacin lafiya ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata, likitoci da yawa suka tafi Saudiyya da Ingila da Amurka.

Na biyu, a 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali suka amince da wani tsari: a zuba wa ƙaramin asibiti jarin magani sau ɗaya, ya riƙa sayar wa majinyata da sauƙi, kuɗin da aka samu a sake sayo wani. A takarda abin yana da ma'ana, don ya fi a ce babu maganin gaba ɗaya. A aikace kuwa, inda babu sa ido jarin narkewa yake yi, a bar mutane da biyan kuɗi kuma ba magani. Sannan shi biyan kuɗi a bakin ƙofar asibiti ba daidai yake cizon kowa ba. Ma'aikacin da ke da albashi zai biya ya wuce. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, da kaka, zai tsaya ya ga ko zazzaɓin zai sauka da kansa. Da yawan yaranmu a cikin wannan jiran suke tafiya.

Na uku, wanda ba a cika magana a kai ba: rabon aiki. Tsarinmu ya ba gwamnatin tarayya manyan asibitocin koyarwa, ya ba jihohi manyan asibitocin gari, ya bar wa ƙananan hukumomi ƙananan asibitoci. Wato asibitin da mafi yawan talakawa suka dogara da shi, shi aka miƙa wa matakin gwamnatin da ya fi kowa rauni, wanda kuɗinsa ma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. Da mulkin soja ya yi tsanani a shekarun 1990, masu ba da tallafi na waje suka ja baya, sai firijin ajiye riga-kafi ya mutu, babur ɗin kai allura ƙauye ya tsaya, babu wanda za a kama da laifi.

Sakamakon ya fito ƙarara a binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2003. Yaran da suka samu cikakken riga-kafi a faɗin Najeriya kashi 13 ne kacal cikin 100. A Kudu maso Gabas wajen kashi 45. A Arewa maso Yamma wajen kashi 4. Ku sake karantawa: yara huɗu cikin ɗari. Ƙanwata tana cikin sauran casa'in da shidan, kuma ƙyanda tana da allurar riga-kafi tun kafin a haifi mahaifinmu ya girma.

Ana cikin wannan hali sai ga 1996. Annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe sama da 11,000. A tsakiyar annobar kamfanin magunguna na Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara 200. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ce ta yi wannan ɓarna, kuma ya samu izini. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. A ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta bankaɗo labarin, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike, ya gama aiki a 2001, rahoton ya kwanta a durowa har 2006 da jarida ta sake fito da shi. Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, iyalai na farko kuma sai a 2011 suka fara karɓar diyya. Shekara 15 ke nan. Abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne namu ɓangaren: hukumomin da aikinsu ne su tsaya tsakanin yaro marar lafiya da duk mai son gwaji a kansa, ba su tsaya ba, kuma da gaskiya ta fito sai aka rufe ta a ofis.

Yanzu ku haɗa hoton. A 1988 duniya ta ƙudiri aniyar kawar da shan inna, lokacin tana shanye yara wajen 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin korar ta daga Afirka. Kuɗi suka shigo da yawa, amma an ɗaure su da cuta ɗaya. Dalilin masu shirin a fili yake: shan inna cuta ce da za a iya shafe ta daga doron ƙasa kamar yadda aka yi wa agana, ɗigonta yana da arha, kowa zai iya bayarwa ba sai likita ba, kuma muddin ta rage a wuri ɗaya za ta iya komawa ko'ina. Wannan ita ce amsar da ya kamata a ba kakata. Amma daga tsakar gida abin da ake gani daban ne: asibiti babu farasitamol, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna ɗibar yara kowace damina da bazara, sannan ga mutane suna zuwa gida-gida sau da yawa a shekara da maganin cutar da ba kowa ya taɓa ganinta a gidansa ba.

A cikin wannan yanayi zargi ya samu wurin zama. A 2003 wasu malamai da shugabanni, cikinsu har da Dakta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a, wanda shi kansa likita ne, suka ce ana zargin an gurɓata ɗigon da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ku tuna a watan Maris na wannan shekarar Amurka ta mamaye Iraƙi, kuma mutane ba su manta da manufar gwamnatin Babangida ta 1988 mai cewa 'ya'ya huɗu sun ishi mace ba, balle Trovan da gawarsa ba ta huce ba. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da riga-kafin. Kano ce ta fi daɗewa, a ƙarƙashin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau. Aka yi ta kafa kwamitoci ana gwaje-gwaje a gida da waje, ba a tabbatar da zargin ba. A ƙarshen Yulin 2004 Kano ta dawo, bayan an amince a kawo maganin da aka haɗa a Indonesiya, ƙasar Musulmi, gwamnan kuma ya ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a.

Gwamnati ta dawo cikin wata goma sha ɗaya, amma zukatan mutane sun fi haka daɗewa. Matan da suka zo gidanmu bayan an janye dakatarwar suka zo. Yaran da shan inna ta kama a Najeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, kusan duk a Arewa. Ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Chadi da Sudan, ta kai Yaman, har ta isa Indonesiyar da muka sayo maganin daga gare ta. Kuma 'ya'yan wa suka shanye? Masu hali da 'yan boko, ko a lokacin dakatarwar, suna da asibitin kuɗi da likitan da za su tambaya. Ɗan talakan da ke layin da kwata ke gudu a ƙofar gida, shi ya ɗauki nauyin.

Abin da ya juya lamarin yana da darasi. A 2006 aka sauya salo, aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke buƙata: sinadarin bitamin A, maganin tsutsar ciki, sabulu, wani lokaci gidan sauro da allurar ƙyanda. A 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamiti kan kiwon lafiya a matakin farko, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin. Aka ɗauki mata 'yan unguwa, waɗanda aka san iyayensu, su riƙa shiga gidaje. Waɗanda cutar ta shanye su ma suka fito suna magana da iyaye. Daga baya aka riƙa kafa sansanin duba marasa lafiya kyauta a ranakun riga-kafi, uwa ta kawo yaro mai zazzaɓi a duba shi a ba shi magani, sannan a ɗiga masa. Kun ga ke nan, shekaru bayan tambayar kakata, hukuma ta amsa ta a aikace: da aka daina kawo abu ɗaya tilo, ƙofofi suka fara buɗewa.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano, yawancinsu mata, irin matan nan da suka zauna a tabarmar kakata. Allah Ya jiƙansu. Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta shan inna ta kama a Kano an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014. A 2016 ta sake ɓulla a Borno, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar dajin. Wannan nasara ce ta gaske, kuma mata ne suka ciwo ta da ƙafarsu, gida-gida.

Amma asibitin unguwa fa? Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cikakken riga-kafi ya kai kashi 31 a Najeriya: kashi 76 a Anambra, kashi 5 a Sakkwato. Cikin yara 1,000 da aka haifa, waɗanda ke rasuwa kafin shekara biyar 62 ne a Kudu maso Yamma, 187 a Arewa maso Yamma. A jihar Ogun 30, a jihar Kebbi 252. Wato a Kebbi yaro ɗaya cikin huɗu. Har yau Najeriya na da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu allurar riga-kafi ko ɗaya ba, mafi yawansu a Arewa. Shi ya sa mashaƙo, cutar da ke cikin allurar da ake yi wa jariri tun yana sati shida, ta ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ta fi kowa jin jiki. Shi ya sa kuma har yanzu kuke ganin masu ɗigo a Sakkwato da Zamfara da Katsina. Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. Inda kusan duk yara suka karɓa, ba ta da wurin zuwa. Inda kaɗan ne suka karɓa, tana iya yawo tsakanin yaran da ba su da kariya na tsawon lokaci har ta sake yin ƙarfi. Maganin wannan shi ne a ƙara yawan yaran da aka yi wa riga-kafi.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa: ai talauci ne, ai al'ada ce, ai mutanenmu ne ba sa zuwa asibiti. Talauci gaskiya ne, ƙarancin karatun mata ma gaskiya ne. Amma mu leƙa Nijar. Mutanen Maraɗi da Damagaram 'yan uwanmu ne, harshe ɗaya, addini ɗaya, tuwo ɗaya, kuma ƙasarsu ta fi tamu talauci nesa ba kusa ba. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou gwamnati ta gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara, aka horar da ma'aikatan da za su iya maganin zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu. A 2006 aka ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta ne. Aka raba gidajen sauro, aka faɗaɗa kula da yara masu tamowa bayan yunwar 2005. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Tsarin nasu ya samu matsala, domin gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin maganin da suka bayar kyauta, bashi ya taru, wasu wuraren magani ya yanke. Duk da haka, cikin shekara 11 an rage mutuwar yara da kashi 43 cikin 100, a tsakanin mutanen da al'adarsu ita ce tamu.

Mu kuma me muke da shi a hannu? A Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kaiwa ba. Yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 take yawo. Cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan, sama da 70 daga aljihun majinyaci da danginsa take fita. A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a wani asusu na musamman don kiwon lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Tsarin ya tanadi a riƙa tura wani kaso kai tsaye zuwa asusun ƙaramin asibiti aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa, kuma akwai kwamitin mazaɓa na mutanen gari da ya kamata ya san abin da ya shigo da yadda aka kashe. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kodayake aiwatarwar tana jan ƙafa.

Don haka ga aikin da nake roƙon kowa ya yi a wannan mako, ba ya buƙatar ko sisi. Ka je ƙaramin asibitin mazaɓarku. Ka gaida mai kula da wurin cikin mutunci, don shi ma sau da yawa a matse yake. Ka tambaya: wannan asibitin yana cikin masu karɓar kuɗin asusun nan? Yaushe aka turo na ƙarshe? Wace rana ake allurar jarirai, firijin yana aiki? Akwai ungozoma da dare? Su wane ne 'yan kwamitin mazaɓa, yaushe suka yi zama? Ka rubuta amsar, ka turo mana da sunan mazaɓa da ƙaramar hukuma, ba sai da sunan ma'aikaci ba. Za mu tattara mu karanta a shiri na gaba, mu kuma kai wa kansiloli da 'yan majalisar da abin ya shafa.

Na biyu kuma ya fi na farko gaggawa. In akwai jariri a gidanku, ka nemi katin riga-kafinsa yau ka duba. Allurar farko da haihuwa, sai sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, sai ta ƙyanda a wata tara, da ƙari a wata goma sha biyar. A asibitin gwamnati kyauta ne. In masu ɗigo sun yi sallama, a fito da yaran, sannan a yi musu duk tambayar da ake so.

Da na gaya wa ɗan baffana zan ba da labarinsa, dariya ya yi ya ce, "Yaya, ka ba da, amma ka ce musu 'yata ta gama allurarta duka, katin yana wurin mamanta." To, na isar da saƙo.

Wanda yake da labarin asibitin garinsu, mai daɗi ko marar daɗi, ya ajiye mana a ƙasa. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.